Faifan da Na Bari a Rana

Ku yafe ni da shirun da kuka ji na yi, wallahi ba jan aji ba ne. Tun ranar Asabar, duk sanda na ɗauki waya zan rubuta muku sai in kasa in ajiye. Masu damuna da tambaya ko Injiniya ya zo gaida Abba, e, ya zo. Amma ba za ku gane abin da ya faru a falonmu ba sai na fara gaya muku ɓarnar da na yi da hannuna, ni ɗin nan da kuke ta yabo wai mai hankali.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, ni ce auta, mu uku ne mata, Umma ta rasu ina sakandare. Yayyena duk suna ɗakunansu, saura ni da Abba a gidan, sai Goggo, ƙanwarsa, da ke zuwa duk ƙarshen mako don ta tuna min shekaruna. Injiniya kuwa shi ne wanda na zaɓa da kaina bayan na sallami waɗanda Goggo ke cewa sun fi ƙarfina. Aikinsa haɗa sauti a wani ɗakin ɗaukar murya. Ina sonsa, ba zan ɓoye muku ba, irin son da har tsoro yake ba ni.

To, Abbanmu yana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani. In saurayi ya zo neman 'yarsa, ba ya tambayarsa albashi, ba ya tambayarsa gidan haya ne ko nasa. Zaunar da shi yake yi a falo, ya buɗe kabad ɗin gilashi, ya ɗauko wani faifan garmaho da ya saya tun yana ɗalibi a shekarun saba'in, ya ɗora masa daga farko har ƙarshe. Faifan wasu makaɗa biyar ne na ƙasar waje, masu jita da ganga da fiyano. Sunayensu na nan a bayan kwalin, amma a gidanmu ba mai kiransu da su, Abba ya raɗa musu nasa tun kafin a haife mu. Dogo mai ganga, Bahago mai jitar nan mai kaurin murya, Mai Tabarau mai ɗaya jitar, Uwar Ɗaki da ke kan fiyano, sai Ɗan Ƙarami mai waƙa. Ina yarinya na ɗauka 'yan uwanmu ne da suke nesa.

Kada ku ɗauka wasa ne. Saurayin Yaya Babba na farko, mai mota da turare, waya kawai ya zaro ya duba ana tsakiyar waƙa ta biyu. Abba ya tashi ya ɗage allurar garmahon, ya ce masa, “Allah ya kiyaye hanya.” Shi ke nan maganar ta mutu. Yaya ta yi kuka har ta gaji, Abba ya ce wanda ya kasa ba mutum biyar kunnensa na ɗan lokaci, ba zai iya sauraron mace ɗaya tsawon rai ba.

Da na ba Injiniya wannan labari a waya, dariya ya yi har da tari. Ya ce in ɗauko masa hoton kwalin. Ina turawa sai ga saƙonni suna shigowa a jere.

“Ke!”

“Kin san abin da ke gidanku kuwa?”

“Bugun farko ne wannan. Na ji waƙoƙin a waya ba adadi, amma ban taɓa riƙe faifan a hannuna ba.”

A nan shaiɗan ya shiga. Mutumin nan bai ce in kawo masa ba, ku shaida, bai ce ba. Ni ce na so in ga fuskarsa lokacin da zan miƙa masa. Na bari Abba ya fita ganin likitan ido da safe, na ɗauki mukullin kabad daga cikin kofin da yake ɓoyewa, na zare faifan daga kwalinsa na bar kwalin a tsaye kamar ba a taɓa ba. Na naɗe shi a wani tsohon mayafina ruwan toka, na ɗora a bayan kujerar baya ta mota, can jikin gilashi, wai don kada jakata ta danne shi. Nufina in leƙa ofis in sa hannu in wuce wurin Injiniya, in dawo da shi kafin la'asar.

Ina shiga ofis shugabarmu ta ce akwai taro. Taron da aka ce na 'yan mintuna ne ya cinye azahar. Motar tana fili, babu inuwa, gilasai a rufe. Ni kuwa ina ciki ina ta gyaɗa kai ina rubuta abin da ba zan karanta ba, ko sau ɗaya faifan bai faɗo min a rai ba.

Da na buɗe motar zafi ya buge ni a fuska. Na miƙa hannu na ɗauko mayafin, tun kafin in warware na ji abin da ke ciki ba a miƙe yake ba. Innalillahi. Faifan Abba ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya lotsa, kamar murfin roba da aka bari kusa da wuta. Na zauna a kujerar direba ƙafafuna a waje. Mai gadi ya leƙo yana tambaya ko lafiya, na ce masa lafiya, muryar da ta fito ba tawa ba ce.

Ban san yadda na tuƙa na isa wurin Injiniya ba. Ɗakin aikinsa ƙarami ne, bango duk an manne da soso, wayoyi a ƙasa sai ka ɗaga ƙafa, ga wani teburi mai maɓallai kamar ba za su ƙirgu ba. Yana ganina ya cire abin kunnensa.

“Wa ya mutu?”

“Ni ce,” na ce, na ajiye masa mayafin.

Ya warware a hankali. Fuskar da na ɗauko faifan don in gani, na gan ta, amma ba irin wadda na so ba. Ya riƙe shi da tafukan hannu biyu ta gefe, ya ɗaga saitin idonsa.

“A mota kika bari?”

“Don Allah kada ka tambaye ni. Ka gyara kawai. Ba kai ne injiniya ba?”

“Injiniyan sauti, ba na ƙira ba.” Da ya ga hawaye sun zubo min sai ya sassauta murya. “Zauna. Akwai dabara ɗaya, amma ban yi miki alkawari ba.”

Ya samo gilasai biyu masu kauri daga wani tsohon teburi, ya goge su tas, ya sa faifan a tsakiya, ya fitar bakin taga inda rana ke ɗan taɓawa, ya ce zafi kaɗan kaɗan zai iya miƙar da shi, daga nan a ɗora nauyi a bar shi ya huce. Na koma gida hannu wofi. Abba na falo, an ɗiga masa magani a ido yana lumshewa, ya ce, “Auta, kin dawo? Likita ya ce in huta da karatu. Da ma faifaina zan ɗora.”

Jama'a, nan da nan na tare shi. Na ce, “Abba, ka bari mana sai ranar Asabar, kada ka gaji da shi kafin baƙonka ya zo.”

Ya yi dariya. “Ni in gaji da Dogo? Amma kin yi gaskiya, a bar wa baƙo.”

Tun daga ranar abinci ya daina wuce min. In Abba ya nufi wajen kabad ɗin, ko jarida zai ɗauka, sai in bi shi da ido. Goggo ta kira tana lissafa min abin da zan sa da yadda zan zauna, ta rufe da cewa, “In wannan ma ya kuɓuce, ni dai na cire hannuna, ki nemi wata goggon.” Na ce to.

Ranar Alhamis saƙon Injiniya ya shigo ina wanke kofuna.

“Ya miƙe, amma tsagin da allura ke bi ya narke a gefe. Na gwada, allura ba ta zama. Ki yi haƙuri.”

Na zauna a ƙasan kicin da kumfa a hannuna. Wani saƙon ya biyo.

“Mu gaya masa gaskiya. Zan zo in durƙusa in ce ni na sa ki.”

“Ba ka san Abba ba,” na rubuta, yatsuna na zamewa. “Waya kawai wani ya duba aka kore shi. Kai da za a ce saboda kai faifan ya mutu?”

“To ƙarya za mu fara da ita?”

“Ka nemo wani. Irinsa sak. Don girman Allah.”

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Daga ƙarshe ya turo, “Ba na so. Amma zan tambaya.”

Ya tambaya, ya kuma samu, wurin wani dattijo mai tara tsofaffin fayafayai da suka taɓa aiki tare. Bugu ɗaya, takardar tsakiya launi ɗaya, har ɗan dusashewarta. Ya kawo min bakin ofis ranar Juma'a a cikin jakar kwamfuta. Bai yi min murmushi ba. Ya ce, “Wannan ya fi na Abba tsabta ma, da ƙyar aka taɓa ɗora shi. Ni dai raina bai kwanta ba.” Ni kuwa jin ya fi tsabta sai na ji daɗi, ku ji wauta. Na lallaɓa na zura shi a tsohon kwalin Abba na mayar da mukulli cikin kofi, na yi ajiyar zuciya kamar an sauke min dutse.

Asabar ta zo. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, da mayafi mai haske, na yi kwalliya sau biyu don ta farko gumi ya wanke ta. Yaya Babba ta zo da wuri ta taya ni shirya falo, ta canza labule, ta goge teburin garmaho har yana ɗaukar ido. Goggo ta kafa kujera a bakin ƙofar kicin inda za ta ga komai ba a gan ta sosai ba.

“Ke wai me ya same ki?” Yaya ta raɗa min. “Kin yi fari kamar wadda ta tashi daga jinya.”

“Fargaba ce kawai.”

“Kwantar da hankalinki. Mutumin da sauti ne abincinsa, ai an ba shi jarrabawa a fanninsa.”

Injiniya ya iso bayan la'asar, cikin fararen kaya, ya kashe wayarsa tun daga bakin ƙofa ya sa a aljihu. Ya durƙusa ya gaida Abba, suka ɗan taɓa hirar aiki da ta iyaye. Na kawo shayi a tire na ajiye. Na koma na tsaya a bayan Goggo, labule ya rufe rabin jikina.

Abba ya miƙe ya buɗe kabad. Ya zaro faifan, ya ɗauki ɗan ƙyallen da yake goge shi da shi, ya karkata shi wajen taga.

“Ikon Allah,” ya ce. “Maganin likitan nan ya yi aiki. Yau har ƙyalli nake gani a jikinsa.”

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na damƙe bayan kujerar Goggo har ta waigo ta harare ni.

Allura ta sauka. Aka ɗan ji shuu, sai ganga ta shigo ita kaɗai, a natse. Abba ya koma kujerarsa ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Ka ji Dogo? Ba ya gaggawa. Duk sauran a kansa suke tsaye, amma ba ya son a san yana wurin. Saurara, ga Bahago nan zai biyo shi.”

Jitar mai kaurin murya ta shigo ta ƙasa, har gilashin kabad yana ɗan amsawa. Daga nan Ɗan Ƙarami ya ɗaga murya, siririya, kamar zai yi kuka amma bai yi ba. Na girma da waƙar nan, na sha jinta ina shara ina wanki, amma ban taɓa sauraronta da gaske ba sai ranar, da tsoro ya buɗe min kunne. Wallahi mutanen nan sun iya. Babu mai danne wani, kowa ya san inda zai shigo da inda zai ja baya. Mai Tabarau zai yi shiru har ka manta da shi, sai ya saki 'yan tsirarun sautuka ya sake komawa, kuma su ne za su zauna maka a rai.

“Wannan,” Abba ya ce yana nuna lasifika, “ya fi kowa iyawa a cikinsu, ya kuma fi kowa rowa. In da wani ne da ya cika mana kunne.”

A waƙa ta biyu Injiniya ya gyara zama ya matso gaba, ya manta da kunyar suruki. Da ta ƙare ya ce, “Abba, in ban yi kuskure ba, wurin amshin nan su uku ne suka taru a makirufo ɗaya. Ana jin sun ja numfashi tare kafin su shiga.”

Abba ya juyo gaba ɗaya ya dube shi. “Ka ji numfashin?”

“Na ji, Abba. Yanzu mu da kowa ke shiga ɗaki shi kaɗai, ba ma samun irin wannan.”

“Shekara nawa ina ɗora wa mutane faifan nan, kai ne na farko da ya ji shi.” Abba ya bugi hannun kujera yana dariya, ya ɗaga murya, “Auta, ƙara wa yaron nan shayi!”

Goggo ta mintsine ni a cinya don murna. Yaya ta ɗaga min gira daga can gefe. Na fito da butar shayi ina jin kamar in yi tsalle, a raina ina cewa mun tsira, Allah ya rufa asiri, gobe zan yi sadaka.

Sai fiyano ya fara. Waƙa ta uku, ta Uwar Ɗaki, wadda take rerawa ita kaɗai a hankali. Ina tsiyaya shayi na ga Abba ya ajiye kofinsa, ya zamo bakin kujera, ya dafa gwiwa zai tashi. A lokacin abin ya faɗo min, sai da butar ta kusa kuɓucewa daga hannuna.

Akwai karce a waƙa ta uku. Umma ce ta yi shi da awarwaronta tana sabuwar amarya, garin goge faifan. Tun daga ranar, in Uwar Ɗaki ta kai tsakiyar baiti na biyu, allura sai ta maƙale ta riƙa maimaita kalma ɗaya, har sai Abba ya tashi ya ɗan tura ta da ƙaramin yatsansa. Tana da rai yakan waiga ya tsokane ta, ya ce, “Sannu da aiki, Amarya.” Bayan ta rasu bai daina faɗa ba, sai dai ya rage murya. Ni da na tashi ina jin haka kullum, na ɗauke shi wani ɓangare na waƙar, ban taɓa lissafa shi a matsayin lahani da za a nema a sabon faifai ba. Injiniya kuwa bai taɓa jin na Abba yana juyawa ba, ina zai sani?

Abba ya isa gaban garmahon ya tsaya. Ya sunkuya, ya miƙa ƙaramin yatsansa kusa da allurar, fuskarsa ta yi laushi yadda take yi duk lokacin. Ina kallon leɓɓansa sun fara buɗewa.

Uwar Ɗaki ta kai wurin, ta wuce abinta sumul. Muryarta ta hau sama, fiyano ya bi ta, babu ko tuntuɓe.

Yatsan Abba na nan a iska. Ya jira, kamar mai jiran wanda ya makara. Yaya Babba ta sa hannu ta toshe bakinta, ta juyo tana kallona. Abba ya ɗage allurar ya mayar da ita baya kaɗan, ya sake sauke ta. Waƙar ta sake zuwa wurin ta sake wucewa.

Ya kashe garmahon. Ya ɗauko faifan ya je bakin taga, ya karkata shi ga haske, yana bin tsagin da babban yatsansa a hankali, yana nema.

“Yaya, lafiya?” Goggo ta tambayi Abba daga bakin ƙofa.

Injiniya ya dube ni, daga idona ya gane wani abu ya lalace ko da bai san mene ne ba. Ya zame daga kujera ya durƙusa. “Abba, ka yi haƙuri, akwai maganar da ya kamata in...”

Abba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya kalle shi ba. Ya juyo gare ni. Na yi zaton tsawa zai yi, na ma shirya mata, da ita ce da ta fi min sauƙi. Amma idanunsa cike suke da ruwa, muryarsa kuma ta yi ƙasa sosai, sai da na matso kafin na ji.

“Auta,” ya ce, “ina kika kai min mahaifiyarki?”